Yadda Za Ka Gane Rauni a Cikin Binciken Lafiya

Da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da saƙo a WhatsApp ko Facebook, ko wani labari a rediyo, da ya fara da "bincike ya nuna" ba. Yau a ce wani ganye yana warkar da ciwon suga, gobe a ce wata allurar rigakafi tana cutar da yara, jibi a ce an gano maganin sankara a wata jami'a. Wasu daga cikin waɗannan labarai suna da tushe mai ƙarfi. Wasu an yi binciken da gaske, amma an yi shi ba bisa ƙa'ida ba. Wasu kuma binciken lafiyarsa lau, masu yaɗa labarin ne suka ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Bambance su yana da muhimmanci, domin a kan irin waɗannan labarai ne mai hawan jini ke ajiye maganinsa, uwa ta hana ɗanta rigakafi, iyali su sayar da gona don sayen maganin da ba shi da amfani. Ba sai ka zama likita ba kafin ka iya auna bincike. Akwai 'yan tambayoyi da likitoci ke yi wa kowane sabon sakamako, kuma duk mai hankali zai iya yin su.

A kan wa aka yi gwajin?

Tambaya ta farko ita ce: mutane aka gwada wa, ko ɓeraye, ko kuwa ƙwayoyin halitta a cikin kwalbar ɗakin gwaji? Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayoyin sankara a cikin kwalba, har da ruwan zafi da sinadarin wanke ban ɗaki. Jikin mutum daban yake: dole magani ya bi ta hanji, ya ratsa hanta, ya isa inda cutar take da yawan da zai yi aiki, ba tare da ya lalata ƙoda ko wata gaɓa ba. Ko a cikin magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi aka fara gwada su a kan mutane, kusan tara cikin goma ba sa kaiwa ga samun izinin shiga kasuwa. Saboda haka labarin da ya tsaya a kan ɓera mafarin aiki ne kawai.

Idan mutane ne, su nawa? Binciken mutum goma ko ashirin yana iya ba da kowane irin sakamako bisa dace. Idan ka jefa kwabo sau shida, ba abin mamaki ba ne ya faɗi ta fuska ɗaya sau biyar. Idan ka jefa shi sau dubu, zai daidaita kusan rabi da rabi. Haka marasa lafiya suke. Ƙaramin bincike yana iya nuna inda ya kamata a duba, amma ba ya isa a canza magani a kansa.

Da wa aka kwatanta?

"Mun ba mutum 50 wannan magani, 45 sun warke." Jimlar tana da daɗin ji, sai dai ba ta faɗa mana komai ba tukuna. Mutum nawa ne za su warke da ba a ba su komai ba? Mura tana tafiya da kanta cikin mako guda zuwa kwana goma. Yawancin zawo, ciwon baya da zazzaɓin da ƙwayar bairas ke kawowa su ma haka. Duk abin da mutum ya sha a rana ta biyar, shi zai ɗauki yabo.

Akwai kuma wani abu da ke yaudarar har ma'aikatan lafiya. Mutum yakan nemi magani ne a ranar da ciwo ya fi tsananta. Ciwuka kamar amosanin gaɓɓai, asma da ciwon kai suna hawa suna sauka, don haka bayan rana mafi muni, abin da ya fi yiwuwa shi ne sauƙi ya biyo baya, ko da magani ko babu. Idan ka tara mutanen da jininsu ya hau sosai yau, ka sake auna su bayan wata guda, matsakaicin awon zai sauka ko ba ka ba su komai ba.

Maganin wannan matsala shi ne rukunin kwatance, wato mutane masu irin ciwon da ba a ba su sabon maganin ba, ko aka ba su wanda aka saba bayarwa. Dabarar ta daɗe. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Birtaniya, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu cutar da ke sa dasashi zubar jini, wadda yanzu aka san ƙarancin bitamin C ke kawo ta, ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane kashi abu daban. Waɗanda suka sha lemon zaƙi da lemon tsami ne suka farfaɗo. Binciken da ba shi da rukunin kwatance ba zai iya tabbatar da cewa magani yana aiki ba.

Yaya aka raba mutanen?

Samun rukuni biyu bai wadatar ba, dole su yi kama da juna tun daga farko. Idan likita ne ke zaɓen wanda zai ba sabon magani, yana iya karkata ga masu ƙarfi-ƙarfi ba tare da ya lura ba. Idan marasa lafiya ne ke zaɓa da kansu, masu hali da masu ilimi sukan taru a ɓangare ɗaya. Hanyar da ta fi inganci ita ce ƙuri'a: kwamfuta ce ke yanke wa kowane mutum rukunin da zai shiga. Ta haka tsofaffi da matasa, masu ciwo mai tsanani da masu sauƙi, suna rarrabuwa daidai a ɓangarorin biyu. Gwajin maganin tarin fuka da aka buga a Ingila a 1948 yana cikin na farko-farko da suka bi wannan tsari, kuma har yau shi ne ma'aunin da ake dogara da shi.

Abin da ya faru a farkon annobar korona ya tattara kusan duk kurakuran da ake magana a kai. A watan Maris na 2020, masu bincike a birnin Marseille na Faransa ƙarƙashin Farfesa Didier Raoult suka fitar da rahoton cewa haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, yana kawar da ƙwayar cutar cikin 'yan kwanaki. Ga abin da masu duba rahoton suka tarar:

Mutum 36 kawai aka lissafa, 20 da suka sha maganin da 16 na kwatance.

Ba a yi ƙuri'a ba. Wasu daga cikin na kwatancen a wasu asibitoci suke, wasu kuma waɗanda suka ƙi karɓar maganin ne.

Mutum 26 ne suka fara shan maganin, aka cire shida daga lissafi. Uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya.

Abin da aka auna shi ne ko ana ganin ƙwayar cutar a hanci a rana ta shida, ba ko mutum ya rayu ko ya warke ba.

Batu na uku shi ne mafi girma. Idan ka cire waɗanda suka mutu da waɗanda jikinsu ya tsananta, kowane magani zai fito da kyau. Duk da haka labarin ya bazu duniya, jama'a suka yi ta rububin sayen kulorokwin, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kwantar saboda sun sha fiye da ƙima. Daga baya babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya raba marasa lafiya ta ƙuri'a: 1,561 suka sha maganin, 3,155 suka samu kulawar da aka saba. Bayan kwana 28, kashi 27 cikin ɗari na masu shan maganin sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 25. Maganin bai ceci kowa ba. Mujallar da ta buga rahoton Marseille ta janye shi a watan Disamba na 2024.

Don haka a kowane bincike ka nemi lambobi biyu: mutum nawa suka fara, mutum nawa aka lissafa a ƙarshe. Idan akwai giɓi, ina sauran suka tafi?

Tafiya tare ba ita ce sanadi ba

Yawancin labaran abinci da salon rayuwa suna fitowa ne daga binciken sa ido, inda ake bin dubban mutane shekaru ana rubuta abin da suke ci da cututtukan da suka same su. Irin wannan bincike yana da amfani ƙwarai; da shi aka gano cewa taba sigari tana kawo sankarar huhu. Rauninsa shi ne mutanen da suka bambanta a abu ɗaya sukan bambanta a abubuwa goma.

Misali mai sauƙi: a lokacin damina ana samun ɗanyar masara, a lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke yawaita. Wanda ya ƙirga zai ga masu cin gasasshiyar masara suna yawan zazzaɓi, alhali ruwan sama ne ya kawo masarar, shi ne kuma ya kawo sauron. Akwai abu na uku a ɓoye da ke jan biyun.

Wannan tarko ya kama manyan masana. Shekaru da dama binciken sa ido yana nuna cewa matan da ke shan ƙwayoyin homon bayan ɗaukewar al'ada ba sa yawan ciwon zuciya, likitoci kuma suka riƙa rubuta su don kariya. Da aka yi gwajin ƙuri'a a Amurka a kan mata 16,608, sai aka dakatar da shi a 2002 kafin lokacinsa, domin masu shan haɗin homon ɗin sun fi samun ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankarar mama. Ashe matan da ke shan ƙwayoyin a binciken farko sun fi sauran wadata da zuwa asibiti, lafiyarsu ta fi tun asali. Har yanzu ana amfani da homon don rage wahalhalun ɗaukewar al'ada ga wadda ta dace, amma an daina ba da shi a matsayin rigakafin ciwon zuciya.

Haka aka yi da bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas. An lura masu cin kayan lambu ba sa yawan sankarar huhu, sai aka zaci ƙwayar sinadarin za ta yi kariya. Gwajin da aka yi a Finland a kan maza 29,133 masu shan taba, wanda aka buga a 1994, ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga waɗanda suka sha ƙwayar.

Wani lokaci kuma sanadin juyawa yake yi. Idan aka ga masu shan abin zaƙi mara suga sun fi ƙiba, yana iya kasancewa ƙibar ce ta sa suka koma shansa. Kalmomin "yana da alaƙa da" a cikin labari alama ce cewa binciken sa ido ne, kuma bai tabbatar da sanadi ba.

Wa ya san abin da aka ba wa?

Mutumin da ya yarda an ba shi magani mai ƙarfi yakan ji sauƙin zogi, ko da garin alkama aka dunƙula masa. Likitan da ya san wanda ya sha sabon magani shi ma yana iya ganin sauƙi inda babu. Shi ya sa a gwaji mai kyau ake ba rukunin kwatance ƙwayar holoƙo, wato mai kama da maganin a launi da ɗanɗano amma babu sinadarin a ciki, kuma a ɓoye wa majinyaci da likita duka wanda ya samu wanne.

A 2002 an buga wani gwaji daga birnin Houston na Amurka a kan mutum 180 masu amosanin gwiwa. An yi wa wasu tiyatar wanke gwiwa ta ƙaramar kafa, wasu kuma aka ɗan tsaga fatar kawai aka ɗinke, bisa amincewarsu tun farko cewa hakan na iya faruwa. Bayan shekara biyu, sauƙin da ɓangarorin suka samu ɗaya ne. Ɓoyewar ta fi muhimmanci idan abin da ake aunawa ji ne a jiki, kamar zogi, barci ko kasala. Idan mutuwa ake ƙirgawa, rashin ɓoyewa bai cika ɓata sakamako ba.

Me aka auna, kuma har tsawon wane lokaci?

Abin da majinyaci ke so shi ne ya rayu, ya samu sauƙi, ya koma harkokinsa. Masu bincike kuwa sau da yawa lambar gwajin jini ko hoton na'ura suke aunawa, domin ya fi sauri da araha. Lamba tana iya gyaruwa mutum bai amfana ba. A shekarun 1980 an san cewa waɗanda bugun zuciyarsu ke tsalle bayan sun yi ciwon zuciya sun fi saurin mutuwa, kuma akwai magunguna biyu, enkenaid da filekenaid, da ke daidaita bugun sarai a na'ura. Gwajin CAST, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1989, ya nuna masu shan su sun mutu fiye da ninki biyu na masu shan ƙwayar holoƙo. Takardar na'ura ta yi kyau, mutane suna mutuwa.

Ingancin awon kansa abin dubawa ne. Gwajin Widal da ake yawan yi don taifot yana fitowa da alamar cutar ga mutane da yawa da ba su da ita, musamman a wuraren da jama'a suka saba haɗuwa da ƙwayar. Binciken da ya ƙirga masu taifot da Widal guda ɗaya, sannan ya ce wani magani ya warkar da su, mai yiwuwa ya warkar da waɗanda ba su da cutar tun farko. Haka binciken da ya dogara da tambayar mutane abin da suka ci shekara biyar da suka wuce: wanda ya kamu da ciwo yakan zurfafa tunani fiye da mai lafiya, sai amsoshinsu su bambanta ko da abincinsu ɗaya.

Sai tsawon lokaci. Hawan jini da ciwon suga cututtukan shekaru ne. Gwajin mako huɗu ba zai faɗa maka abin da magani zai yi wa ƙoda bayan shekara biyar ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa.

Yadda lambobi ke ruɗarwa

"Haɗari ya ninka" da "ya ragu da rabi" kalmomi ne da ba su da ma'ana sai an faɗi daga nawa zuwa nawa. A watan Oktoba na 1995 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Mata da yawa suka tsorata suka daina sha nan take, aka samu dubban cikin da ba a shirya musu ba. Ninkin kuwa daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Maganar gaskiya ce, amma yadda aka faɗe ta ya sa ta yi kama da bala'i. Kullum ka tambaya: cikin mutum 1,000 masu irin halina, nawa abin zai sama idan sun sha, nawa idan ba su sha ba?

Wata dabara ita ce yanka sakamako gunduwa-gunduwa. Ƙa'idar lissafin da aka fi amfani da ita tana barin kusan gwaji 1 cikin 20 ya nuna bambanci bisa dace, ko da babu bambancin gaske. Wanda ya duba abu ashirin, da wuya ya rasa ɗaya da zai yi shela da shi. Masu gwajin ISIS-2 na 1988, wanda ya tabbatar a kan mutum 17,187 cewa asfirin yana rage mutuwa bayan bugun zuciya, sun nuna wannan da gangan: suka kasa marasa lafiyar bisa taurarin haihuwa goma sha biyu na Turawa, sai ga shi a biyu daga ciki asfirin kamar ba ya aiki. Ba wanda ya ɗauki hakan da gaske, kuma manufarsu ke nan. Idan ka ji an ce magani bai yi aiki ga kowa ba sai ga wani ɗan rukuni da aka zaƙulo bayan an gama, ka ɗauke shi a matsayin zato.

Gano cuta da wuri ma yana da nasa ruɗin. Idan aka gano sankara shekara uku kafin lokacin da za ta bayyana, mutum kuma ya rasu a ranar da da ma zai rasu, lissafi zai nuna ya ƙara shekara uku da cutar, alhali bai ƙara ko kwana ɗaya a duniya ba. A Koriya ta Kudu, bayan da aka yawaita duba wuyan masu lafiya da na'urar hoto, adadin waɗanda aka ce suna da sankarar tayirod, ƙullun nan na gaban wuya da kumburinsa ake kira maƙoƙo, ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011. Adadin masu mutuwa da ita bai canza ba. Dubban mutane aka yi wa tiyata a kan ƙananan ƙulluwan da ba za su taɓa damunsu ba. Akwai gwaje-gwajen gano cuta da wuri da aka tabbatar suna ceton rai, kamar na sankarar bakin mahaifa da awon hawan jini. Hujjarsu ita ce mace-mace da nakasa sun ragu.

Wa ya biya, kuma me aka ɓoye?

Kamfanonin magunguna ne ke ɗaukar nauyin yawancin manyan gwaje-gwaje, kuma wannan kaɗai ba ya sa sakamako ya zama ƙarya. Yana dai sa a ƙara buɗe ido. Mujallu masu mutunci suna tilasta wa marubuta su bayyana wanda ya ba da kuɗi.

A 1998 mujallar The Lancet ta buga rahoton Andrew Wakefield a kan yara 12, wanda ya jefa shakku cewa allurar rigakafin ƙyanda, hangum da rubela tana da alaƙa da lalurar galahanga. Babu rukunin kwatance, ba a zaɓi yaran ta hanyar da ta dace ba, daga baya kuma aka gano yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin allurar ƙara, bai kuwa bayyana ba. Karɓar allurar a Ingila ya faɗi daga kusan kashi 92 zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari, ƙyanda ta dawo. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. Binciken Denmark na 2019 a kan yara 657,461 bai ga wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba.

Abin da ba a buga ba shi ma yana karkatar da gaskiya. A 2008 masu bincike sun duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka. Guda 38 sun nuna amfani, an buga 37 daga cikinsu. Sauran 36 ba su nuna amfani a fili ba: 22 ba a buga su ba sam, 11 an rubuta su kamar sun yi nasara, 3 kawai aka buga yadda suke. Likitan da ke karanta mujallu zai zaci kusan duk gwaje-gwajen sun yi kyau, alhali rabi ne. Saboda haka yanzu ake buƙatar a yi wa gwaji rajista a bainar jama'a kafin a fara, tare da faɗin abin da za a auna.

Da wane magani aka kwatanta, kuma an nemi izinin mutane?

Sabon magani yana iya fitowa da kyau idan aka kwatanta shi da tsohon magani da aka rage wa ƙarfi. Wannan na cikin ƙorafe-ƙorafen da suka biyo bayan gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, a kan yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɓangaren maganin kwatance. Masu ƙara sun ce an ba da maganin kwatancen ƙasa da yadda aka saba, kuma ba a yi wa iyaye cikakken bayani an nemi yardarsu ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, a 2009 kuma ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Idan aka gayyace ka ko ɗanka shiga gwaji, haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji, a faɗa maka haɗarin da ke ciki da sauran zaɓin da kake da shi, a nuna maka cewa kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma kana iya ƙi ko ka fita a kowane lokaci ba tare da an hana ka kulawa ba.

Sakamakon ya shafe ka?

Bincike yana iya zama mai inganci amma a kan mutanen da ba irinka ba. Ɗura ruwa da sauri ta jijiya ga yaro mai zazzaɓi mai tsanani da jininsa ba ya zagayawa sosai abu ne da aka saba a asibitocin Turai da Amurka. Da aka gwada shi a kan yara 3,141 a Uganda, Kenya da Tanzaniya, sakamakon 2011 ya nuna fiye da kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa da sauri sun rasu cikin awa 48, a ɓangaren da ba a yi wa haka ba kuwa kashi 7.3. Gwajin bai haɗa da yara masu gudawa ba. Su ƙarin ruwa ceton rai ne gare su. Haka kuma gwajin CREOLE na 2019, a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, ya nuna haɗin magungunan hawan jini da ke ɗauke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Shekaru, juna biyu, ciwon ƙoda da sikila duk suna iya canza yadda magani ke aiki.

Kamannin bincike mai ƙarfi

Gwajin AQUAMAT, wanda aka buga a 2010, misali ne mai kyau. An ɗauki yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da cibiya a Ilorin. An raba su ta ƙuri'a tsakanin allurar atesunet da ta kwinin, wadda ita ce aka saba bayarwa. An ƙirga abin da ya fi komai muhimmanci, wato mutuwa: kashi 8.5 cikin ɗari a ɓangaren atesunet, kashi 10.9 a ɓangaren kwinin. Ma'ana, cikin kowane yara 1,000 an ceci kusan 24. Sakamakon ya yi daidai da na wani gwaji da aka riga aka yi a Asiya, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da atesunet zaɓin farko ga yara. Tsinke ɗaya ba ya shara: likitoci sun fi dogara da nazarin da ya tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya, irin wanda ƙungiyar Cochrane ke fitarwa, a kan bincike guda komai ƙararsa.

Tambayoyin da za ka riƙe

A kan mutane aka yi, kuma su nawa ne?

Akwai rukunin kwatance, kuma ta ƙuri'a aka raba su?

Mutum nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe?

Rayuwa da sauƙi aka auna, ko lambar gwaji kawai?

Daga nawa zuwa nawa cikin 1,000?

An faɗi illolin maganin?

Wa ya biya, a ina aka buga, kuma wasu masana sun maimaita sun samu haka?

Mutanen da aka gwada wa suna kama da ni?

Alamun da ke sa a ja da baya su ne: magani ɗaya da aka ce yana warkar da cututtuka barkatai, labarin da ba ya faɗin inda aka yi binciken, shaidar "na sha na warke" a madadin lambobi, da saƙon da ke ƙarewa da lambar wayar mai sayarwa. Ka kuma sani cewa lambar NAFDAC a kan yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba cewa ba sa cutarwa ne, ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Abin da ya kamata ka yi

Kada ka daina maganin da likita ya rubuta maka, musamman na hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, tarin fuka, ƙanjamau ko taɓin hankali, saboda labarin da ka karanta. Daina wasu daga cikinsu farat ɗaya yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, dawowar farfaɗiya ko bijirewar ƙwayar cuta ga magani. Ka ajiye saƙon a wayarka, ka nuna wa likitanka ko mai haɗa magunguna a zuwanka na gaba, ka tambaye shi ko ya shafi irin ciwonka. Idan kana shan wani abu na gargajiya ko ƙarin sinadari tare da maganin asibiti, ka faɗa masa, domin wasu suna rage ƙarfin magani, wasu kuma suna wahalar da hanta da ƙoda. Kafin ka tura irin wannan saƙo ga 'yan'uwa, ka yi masa tambayoyin da ke sama. Idan ya kasa amsa uku na farko, ka bar shi ya tsaya a wayarka.